Na Ɗora Gilashin Sola a Bangon da Ba Ya Ganin Rana

Señora Ximena, don Allah ki cece ni. Ni mai zanen gine-gine ce, 'yar Monterrey ta Meziko, shekarata biyu ina aiki a nan Santiago ta ƙasar Chile. Maigidanmu a wurin aiki, Don Eleodoro, ya damƙa mini zanen benen ofisoshi mai hawa talatin. Za a lulluɓe bango guda da gilashin da ke mayar da hasken rana lantarki, shi zai riƙe fitilu da na'urorin sanyaya ofisoshin. Na sa shi a bangon kudu, domin a Meziko ta kudu rana take bi, haka aka koya mana a gida, haka na yi a gine-gine huɗu. Lissafin ma a tsohon fayil ɗina na yi shi, na manta ban sauya sunan gari ba, sai ya yi amfani da ranar Monterrey. Ya fito tsaf, kowa ya sa hannu.

Ranar Lahadi muna shan shayin yamma da burodi da fiya, matar da nake haya a gidanta ta ce in kwashe shanyata daga barandar kudu, wai ko jaki ya san a ƙasar nan ta arewa rana take bi. Saura ƙiris kofi ya suɓuce mini. Jibi Alhamis masana'anta za ta fara yanka gilashin daidai da ma'aunin bangon, in an yanka shi ke nan. Izinin zamana a Chile a kan aikin nan yake, Don Eleodoro kuwa ya taɓa korar mutum kan kuskuren matakala guda. In na yi shiru, sai bayan shekara uku, in an gama ginin, za a gane. Ina jin tsoro, ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ya zan yi?

Mai Fargaba, Santiago

'Yata, tsoronki na da hujja, ba zan ruɗe ki ba: maigidanki yana iya korar ki. Amma 'yan garin nan, waɗanda aka haifa rana na dukan su ta arewa, su ma sun sa hannu. Kunyar ta kowa ce, shi ma zai gane haka.

Tun ran gini ran zane. Gobe da safe ki same shi shi kaɗai, kada a gaban ma'aikata. Ki fara da cewa a tsayar da yankan, sannan ki amsa laifinki ba kwana-kwana. Kada ki je hannu rabbana, ki riƙe sabon lissafi da zanen bangon arewa, ko da na fensir ne.

Shirun zai ba ki shekara uku, amma kullum kina kallon benen yana tashi, gabanki na faɗuwa hawa bayan hawa. Gobe kuskure ne a kan takarda. Daga Alhamis kuwa ya zama abin da kika sani kika ɓoye, wannan babu maigidan da ke yafe shi.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ƙarfafa taki.

Ximena