Hoton Sitora Ya Ƙi Fitowa

Ansan, Koriya, 3 ga Afrilu, 2008

Assalamu alaikum Yaya Bahodir. Da fatan kuna lafiya, ku da Oyijon mahaifiyarmu, da matata Mohira.

Hotunan sun iso, kuma wallahi sun ɓata mini rai. Guda ashirin da huɗu, amma babu ɗaya da na ga fuskar 'yata a ciki. Furannin kafet ɗin bango sun fito tar, har inda asu ya ci na gani, ita kuwa Sitora kamar curin ƙullu a zane. Na baro garinmu Margilon tana cikin uwarta. Yau kwananta talatin a duniya ban san kamanninta ba.

Kyamarar da na aiko ba ta son duhu. In haske ya yi kaɗan, idonta sai ya yi ta shiga yana fita, ya kama abin da ya fi zane. Ku ɗaga labule. Ku saita ɗan akwatin tsakiya a kan idon yarinyar, ku danna maɓalli rabi, in ya zama kore ku ƙarasa. Akwai 'yar fitila a gaba mai taimaka mata, ku duba ko tana kamawa.

Ƙaninku, Davron

*

Margilon, 12 ga Afrilu

Wa alaikumus salam Davron. Kowa lafiya, Oyijon tana sa maka albarka.

Ka daɗe a waje har ka manta ba a ɗaga labulen mai jego sai ta yi arba'in. Ga hayaƙin ganyen isiriƙ da ake turara ɗakin da shi safe da yamma. Fitilar da ka ce kuwa, Oyijon ta ga tana haska jaririya da jan haske, sai ta liƙa mata dutsen maganin kambun baka da gam. Na ɓamɓare shi da wuƙa. Ga wasu hotunan. Ka yi haƙuri da abin da ya samu, ni masaƙi ne, ba mai ɗaukar hoto ba.

Yayanka, Bahodir

*

Ansan, 20 ga Yuni

Yaya, ina gaisuwa.

Arba'in ta wuce da wata biyu, amma a hotunan ɗakin har yanzu kamar kabari. Wannan karo na uku ke nan. Na zauna na jera hotunan a kan gado, abin har haushi ya ba ni. Hannunta ya fito, ina iya ƙirga faratanta. Ɗinkin hularta ya fito. Ƙafarta ta fito. Da an zo fuska sai hazo, ko bargo ya hau har hanci. Kyamarar da ta kama farcen jaririya lafiyarta ƙalau.

Mutumin da ke saƙa zaren siliki ba ya kuskure zare ɗaya, shi ne zai ce mini ya kasa saita hoto? Awa goma sha biyu nake tsaye a gaban injin roba, abokan aikina suna tambayata wa ta ɗebo, ina yi musu dariyar yaƙe. Ku daina mai da ni wawa, ku faɗa mini abin da ke faruwa a gidana.

Davron

*

Margilon, 6 ga Yuli

Baban Sitora, ina gaishe ku da girmamawa. Ba wanda ya san na rubuto.

Ku daina wahalar da kanku, kyamara ba ta da laifi. An haifi Sitora leɓenta na sama a tsage har zuwa hanci. Oyijon ta ce kada ku ji, kada maƙwabta su gani. Da gangan Yaya yake saita akwatin a kan kafet, ina tsaye ina kallo. Matan unguwa an ce musu mura take yi. Wata huɗu rana ba ta taɓa jikinta ba. Ni kaina na tsani kaina da na yi shiru, kullum ana jefa mini magana wai daga danginmu abin ya fito.

Likita a Tashkent ya ce ana ɗinkewa. Tana shan nono da cokali, tana da ƙiba, kuma da ta ji muryata sai dariya.

Jiya da safe suna wajen biki na ɗaga labule, na yi yadda kuka rubuta, akwatin ya zama kore nan take. Ga ta nan. In kun ga ba za ku iya ba, ku faɗa mini kai tsaye, in ɗauke ta mu koma gidan babana.

Mohira

*

Ansan, 21 ga Yuli

Mohira, na ga 'yata. Goshin nan nawa ne, ba mai musu.

Ba inda za ki. Yaya da Oyijon ba zan rubuta musu yanzu ba, don abin da ke bakina ba na faɗa wa manya ba ne. Na nemi hutu, ni zan riƙe ta a hanyar Tashkent.

Kafin nan, ranar Juma'a ki sa mata riga mai kyau, ki zauna da ita a bencin ƙofar gida lokacin da ake dawowa daga masallaci. Duk wanda ya tsaya yana kallo, ki ce masa 'yar Davron ce.

Mijinki