Costel Ya Kwafe Har da Kakata

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Bologna. Yaya ƙafar Baba? An gama tsinkar inabi?

Ni lafiya lau, sai dai jami'a ta dakatar da ni har a gama bincike. Kada ki tada hankalinki. Costel ne, ɗan maƙwabtanmu da kike kira haziƙi, ya kwafe rubutuna kan saƙar ƙauyenmu, ko sunana bai ambata ba. Yanzu jami'a na son gano wanda ya kwafi na wani a cikinmu. Malaminmu ya tambaye shi, "Ka rubuta 'kakata Profira ce ta koya mini saƙa'. Kakarka ce?" Gogan naki ya ce, "Ai kakar kowa ce."

Ji rashin kunya! Mutumin da ko zare bai iya sa wa allura ba.

Ki aiko mini littafin zanen Kaka da gaggawa, shi ne shaidata.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Viorica