Tukwanen Kan Kabarin Inna

Wudil, Lahadi.

Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali, da ƙafar nan taka. Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ka san ni ba mai ɗaga murya ba ce, amma yau dole na yi magana. 'Yata Radiyya ta kai ni kufan garinmu na kan dutse, wanda aka tashe mu daga cikinsa da aka mai da wurin gandun daji. An gyara ɗakunan, an yi musu sabon jinka, baƙi na zuwa kallo. Na ga turmin gidanmu, har na yi murmushi.

Sai muka shiga wani ɗaki. An jera fasassun tukwane, wai da su mutanen dauri suke girki. Yaya, tukwanen kan kaburbura ne! An tsince su tas, an share maƙabartar, an dasa kujeru. Da idona na ga samari suna cin shinkafa a kan iyayenmu. Ma'aikacin wurin ya rantse ba su sani ba. Ya ce wani dattijo ɗan garin ne ya zagaya da su, bai ce musu komai ba. Ya faɗi sunanka.

Ni mace ce, ban raka Inna ba. Kai ka sa ta a rami. Ka zo ka nuna min wurin.

Ƙanwarka,
Safara'u

Wudil, Alhamis, bayan mako biyu.

Yaya,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Wai ka manta wurin, kunya ta hana ka faɗa musu, kuma addu'a daga ko'ina tana isa. Karatu za ka koya min? Addu'a na isa, amma ba ta ɗage ƙafar mutum daga kan uwata.

Na koma. Na sayi sababbin tukwane a kasuwar Juma'a, ni da Radiyya muka hau da su. Ma'aikacin, Allah ya saka masa, da kansa ya janye kujerun. Tunda ban san kabarin Inna ba, na farfasa su na bi filin duka ina ajiyewa, ban tsallake ko'ina ba. Inna tana ƙarƙashin ɗaya.

Ban huce ba tukuna, Yaya. Amma ka riƙa shan maganinka.

Ƙanwarka,
Safara'u