Kaza da Ɗiyanta Ta Faɗi Yamma

Daga Wurno, zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, wurin haƙar kuza a Jos.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da waɗanda anka ɗiba tare da kai. Mu nan sai godiya.

Ka tuna ranar da za ku tashi, da kaka, ka ce wa Inna za ka komo kahin Kaza da Ɗiyanta ta ɓace daga sama. To, ta riƙe maganar ga. Idonta ya ida rufewa, sai ta mai da ni idonta. Kullum bayan magariba sai in fita in dubo mata.

Da kunka tafi, Kaza gabas take fitowa, kan tsamiyar gidan maƙwabcinmu Manu. Da sanyi yay yi, tana tsakar ka. Yanzu ga ta can yamma, bisa gulbi. Ban taɓa lura haka taurari ka tafiya ba, kaɗan-kaɗan, kamar mutum na janye tabarma. Gwaggo Habi ta ce in riƙa cewa tana nan sama, mi za ya ragu? Abdulƙadiri, ka san ni. Ban iya wa uwata ƙarya, kuma ina tsoron gaskiyar.

Ka gaida Ƙasimu da kunka tafi tare. Yayarka, Sabuwa.

Zuwa ga Abdulƙadiri.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin dutse? Ba mu samu amsarka ba.

Kaza ta faɗi. Na duba har jan sama yaƙ ƙare, babu. Na daɗe tsaye bakin ƙofa, sannan nis shiga nig gaya mata yadda abin yake.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun tana yarinya bayan shanu a Goronyo ta san Kaza ba ta ɓacewa, zagayawa takai, in ruwa ya sauka ta fito gabas da asuba. Ta sa an juya mata gado ya fuskanci gabas. Yanzu da assalatu nike fita dubawa.

Ita tana da haƙurin jira. Amma ni ka yi mata wanka, na ga ƙafafunta, kumburin ya kai gwiwa, fura ma sai kurɓi biyu. Ka je wurin mai rubuta sunayenku ka roƙi izinin komowa gida, ka durƙusa in ta kama. Kada ka jira Kaza.

Allah shi haɗa fuskokinmu. Yayarka, Sabuwa.