Tukkun da Aka Bar Mini

Silver Spring, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Sailuba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ɗanki Fatihu, autana, ya rubuto mini daga Japan. Zai bar kokawar sumo bayan shekara goma sha uku. Gwiwarsa ta hagu ta lalace, likitoci sun ce ko an yi aiki ba za ta koma daidai ba. Kin san manya kaɗai ake biya a sana'ar. Shi bai taɓa kai wannan mataki ba. Sau biyu yana zuwa bakinsa yana zamowa. Ƙuruciyarsa ta ƙare yana dafa wa na gaba da shi abinci, yana cuɗa musu baya, yana amsa wani suna da suka raɗa masa wanda har yau harshena ya ƙi.

Suna da wata al'ada. Tun ranar da ɗan kokawa ya shiga gidan horo ba ya aski, tara gashin yake ana ɗaure masa shi a tsakar ka. Ranar barin aiki sai a zaunar da shi, duk wanda yake da haƙƙi a kansa ya zo ta bayansa da almakashi ya yanke 'yan silalla, maigidansa ya ƙarasa. Fatihu yana roƙon in zo in yanke nawa.

Ni na yi masa askin suna da hannuna a falon nan, domin a lokacin ba mu da wanzami a nan ƙasar waje, mahaifiyarsa marigayiya Hauwa'u tana riƙe da kansa. Amma ranar da ya tafi na gaya masa ba zan taɓa zama in kalli ɗana cikin bante a gaban jama'a ba, yana watsa gishiri irin na ibadar wasu. Ban janye ba. Na amsa masa cewa ba zan je ba. Na san abin da za ki ce, ina roƙon ki bar shi a ranki.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙaninki,
Mamuda

Silver Spring, 22 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sailuba,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta gida. Wasiƙarki ta iso. Na karanta faɗan, ban musa ko ɗaya ba.

Ban je ba, an yi taron ba ni. Fatihu ya dawo gida.

A filin jirgi na hango wani ƙaton mutum yana dogara sanda, sai da ya matso na gane idon mahaifiyarsa. Ya durƙusa zai gaishe ni kamar yadda na koya masa, tashi ya gagara. Matafiya biyu suka kama shi. Ni ina tsaye, hannuna a aljihu, na rasa inda zan sa shi.

Ranar Juma'a muka je masallaci. Ni mai shekara saba'in da huɗu na kai goshina ƙasa, shi mai talatin da ɗaya yana kan kujera a layin tsofaffi.

Da muka koma gida ya tuɓe hula. An aske kan duka, sai tukku guda dogo a ƙeya. Ashe roƙon maigidansa ya yi a bar wannan, ya ce na mahaifinsa ne. Mutumin ya jima yana ƙi, domin ba a saba ba, daga baya ya yarda. Fatihu ya ajiye almakashi a kan teburin cin abinci, bai ƙara ɗaga zancen ba. Kwana tara muna cin tuwo almakashin yana tsakaninmu.

Jiya da hantsi na ce ya zauna. Na tsaya a bayansa. Na ga tabon ɗinki a wuyansa, da kunnen da ya murɗe, ban san ranar da ko ɗaya ya same shi ba. Sai a karo na uku gashin ya yanku. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza, bai juyo ba, ni ma ban zagayo ba.

Na kai tukkun bakin taga don in gani sosai. Akwai furfura a ciki, Yaya. Gashin da na fara askewa baƙi ne mai laushi, wannan kuwa da furfura. Cikin abin da ke tsakaninsu, shekara goma sha uku wasu ne suka gani.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mamuda