Maƙerar Zaharaddeen ta Cikin Waya

Tsafe, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara, ya gajiyar aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Jiya sunka maido muna sabis, kusan wata ukku kenan ba mu ji muryar kowa ba sai ta maƙwabta. Da hannuna nika danna wannan, in kin ga kuskure ki yi haƙuri, baƙaƙen ƙanana ne kuma idon ya fara gajiya.

Zancen ƙanenki Zaharaddeen ne. Tun jiya bai sa komai a baki ba. Na yi mai tuwon dawa da miyar kuka, da man shanu yadda yake so, shina nan rufe har yanzu. Ya juya fuska ga bango, ko kan keken nai bai yarda a ɗora shi ba.

Kin san wasan nan da yake yi a waya tun da mota ta karya mai baya. Ni ban riƙe sunan ba, Turanci ne. Shi dai a can ciki maƙeri ne, kamar marigayi babanku. Shekara huɗu shina gina maƙera bakin kasuwar wani gari na cikin wayar, har da zugazugi, ya nuna min. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba su zo ya ƙera musu takobi da sulke. Wata rana ya ce min, Inna, yau mutum goma sha ɗaya sunka yi layi suna jirana. Ya yi dariya har na ga haƙoran nai na ciki.

To jiya da sabis ya zo ya shiga, ya tarar babu maƙerar. Wai dokar masu wasan ce, in ka kwana arba'in da biyar ba ka leƙa ba sai su rushe su ba wani filin. Yanzu wani ya gina shagon sai da furanni a wurin. Furanni fa, Muzdalifa.

Ke kin yi boko. Ki rubuta ma masu wasan nan da Turanci, ki gaya musu ba shi ya ƙi zuwa ba, gwamnati ce ta kashe sabis ɗin jiha duka saboda ɓarayin daji. Ki saka musu cewa ba ya tafiya. Ai mutane ne su ma, suna da uwaye, in sunka ji za su maido mai.

Ki shafa min kan Ihsan. Allah shi yi miki albarka.

Innarki,
Safiyatu

Gusau, ranar Litinin

Inna,

Amin wa alaikumus salam. Barkanku da dawowar sabis. Kowa lafiya a nan, Ihsan tana gaishe ki, tana kuma tambayar ƙuli-ƙulinta.

Zan rubuta musu. Amma akwai abin da ban gane ba. Zaharaddeen ya kira ni da safe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in tuna masa ranar da na shiga masa wasan, don ya kafa wa kamfanin hujja. Ya ce a tsakiyar watan goma, kwana arba'in da kashe sabis, da ya ji an riga an maido mana sabis a nan Gusau, ya ba ki wayarsa da lambar sirri a takarda, ki ba Sahabi direba ya kawo min, in shiga sau ɗaya kawai don kada kwanakin su cika. Ya ce bayan kwana uku kin mayar masa, kin ce na yi.

Inna, babu wayar da ta iso hannuna. Na ce masa ina bakin aiki, zan kira. Da na tashi na biya tasha na samu Sahabi, ya rantse ba ki ba shi komai ba a wancan watan sai ƙullin daddawa.

Don Allah ki gaya min abin da ya faru kafin in sake ɗaukar kiransa.

Ina gaishe ki da girmamawa,
Muzdalifa

Tsafe, ranar Laraba

Muzdalifa,

Salama da gaisuwa. Na karanta tun shekaranjiya, hannuna ne ya ƙi danna amsa.

Sahabi bai yi ƙarya ba. Wayar ba ta bar gidanga ba. Cikin buhun dawa na cusa ta, kwana ukku, sannan na fiddo na goge da gefen zane na ba shi, na ce kin yi.

Bari in gaya miki, ba don in wanke kaina ba. Da anka kashe sabis, satin farko kamar zai zare, wuni yake shina ɗaga waya sama ta taga. Sati na biyu sai ya ce a tura shi ƙofar gida. Shekara huɗu rana ba ta taɓa fuskar yaron nan ba sai ranar zuwa asibiti. Ya zauna da su Malam Rabi'u mai faci suna dara, suna gardamar ƙwallo, mata na aiko mai da rediyo da tocila shina gyarawa. Har ya ce a buɗe mai maƙerar babanku, ya ɗora hannu kan uwar maƙera. Ya yi kumatu. Yakan ce Inna zo ki ji, ba wai sai zai kama ruwa ba, hira kawai.

Da ya miƙo min wayar nan sai na ce a raina, in abin nan ya rushe ƙila ya zauna da mu. Ni na ɗauka zane ne, in ya goge a sake zanawa. Ya gaya min ya fi sau biyar ba haka ba ne, wai filin bakin kasuwa ba ya samuwa sau biyu. Shina magana ina tankaɗe ina cewa to, to.

Yanzu dai ki rubuta musu. Ki fara gaida babbansu, ki tambayi iyali nai. Ki ce wata tsohuwa ce a Tsafe take roƙo, laifin nata ne, kada su kama ɗanta da shi. In sunka maido mai sai in gaya mai gaskiya daga baya, lokacin da ran nai ya yi sanyi. Kafin nan ki rufa min asiri, ɗiyata.

Allah shi tsare ku.

Innarki

Gusau, ranar Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya.

Na rubuta. Ba su da wurin aika wasiƙa, fom ne da akwatuna, ka zaɓi matsalarka: ka manta lambar sirri, an sace maka suna, wani ya zage ka. Babu akwatin wanda aka kashe wa sabis a jiharsu. Na zaɓi na ƙarshe, na zuba komai, har gaisuwar iyalin da kika ce. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo. Babu ɗan Adam ɗin da ke karatu da saurin nan, na'ura ce. Ga abin da ta ce:

“Ɗan wasa mai daraja, mun gode da tuntuɓarmu, ra'ayinka yana da muhimmanci a wurinmu. Bincikenmu ya nuna ba a shiga da wannan suna ba tsawon kwana tamanin da biyar. Doka ɗaya ce ga kowa. Mun saka maka hula kyauta a jakarka.”

Na kira Tajuddeen na Bungudu, abokinsa da suke wasan tare. Shi gonarsa ta cikin wasan ya rasa. Ya ce ya tara sunayen mutum arba'in da uku 'yan Zamfara da abin ya shafa, ya manna a dandalin kamfanin da hoton sanarwar gwamnati. Washegari aka rufe zancen, aka ce an taɓa amsa irinsa.

Abin da ban yi tunani ba, amsar ta shiga imel ɗin Zaharaddeen ma, tunda sunansa ne. Ya ga kwana tamanin da biyar ɗin. Layi ɗaya ya turo min: “Yaya, da kin ce ba za ki iya ba.” Na kira sau tara, bai ɗauka ba.

Ba zan tona ki ba, Inna. Amma ni na goya shi, ba zan iya zama yana ganina a maƙaryaciya ba.

Ki huta lafiya,
Muzdalifa

Tsafe, ranar Juma'a

Ɗiyata,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a.

Na gaya mai, bayan an sauko masallaci. Na zauna bakin gadon nai na faɗa duka. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min. Ya ce, Inna, ina kika ajiye ta? Na ce buhun dawa. Ya ce shi ya sa ya ga ƙaiƙayi a ramin caja.

Ya ci abinci kaɗan. Sannan ya ce in ce ki yafe mai, kuma shina son ya zo Gusau ya zauna wurinki. Na ce kwana nawa? Ya ce bai sani ba.

Sahabi zai kawo shi gobe da hantsi. Na wanke kayan nai, maganin yana cikin leda baƙa. Ki riƙa juya shi, gefen hagu shi ke saurin yin gyambo. Ba ya faɗa in ya ji zafi, sai kin duba da kanki. Ki auna ƙofar ɗakin da za ki sa shi, keken ya fi yadda kike tsammani faɗi.

Ki ba maigidanki haƙuri da nauyin da na ɗora muku.

Innarki,
Safiyatu