Hannun Rigar Malama

Litinin, 3 ga Maris

Matata Malama ta sake miƙo min shuɗiyar rigarta, wai hannun dama yana matse ta. Na ce mata yadin ne yake tsukewa in ya sha wanki. Ta dube ni ta ce to. Na tafi da ita shago, na farke, na buɗa, na dawo da ita da yamma. Ko ita ba ta gane inda na taɓa ba.

Yadin nan ba ya tsukewa. Ni na sayo shi, na san halinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Yayarta ta zo. Matar nan in ta fara yabo sai ka rasa inda za ka sa kanka. Ta zazzage rigunan Malama a kan gado, tana juya su tana nuna 'yar aljihun da na ɗinka ta ciki, inda ake sa soson da ke cike gurbin maman da aka cire. "Ke dai kin yi dacen miji. Wani da tuni ya tsere." Na yi dariyar yaƙe na ce ruwa zan ɗebo.

Wane dace? Shekara da rabi ke nan da yi mata aikin sankara, ban taɓa ganin wurin ba. Ko sau ɗaya. In za ta sauya kaya sai in tuna ban kulle ƙofar waje ba. Aljihun da ake yabo ma da tsohuwar rigarta na auna, kamar yadda nake yi wa matan mutane: a aiko min da riga, in shimfiɗa a tebur, in ɗora tef. Haka na koyi sana'ar, ba na sa tef a jikin mace. To amma wannan matata ce fa.

Laraba, 12 ga Maris

Cokali ya suɓuce mata tana zuba wa yara abinci. Ta ce santsi ne. Na ce santsi ne.

Asabar, 15 ga Maris

Tana ta shirin komawa makaranta in an dawo hutu. Ta ce ta gaji da zaman gida, ajinta take so, har ƙurar alli ta yi kewa. Ta kawo min riguna biyu in gyara mata na zuwa aiki. Duk hannun dama.

Talata za mu koma asibiti, duba na wata shida-shida. Ni dai aikina rakiya da riƙe jaka.

Talata, 18 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Hoton ɗaya maman lafiya lau, jini lafiya, likita ya ce ta ci gaba da shan ƙwayarta. Alhamdulillahi. Ina zaune a bencin da na saba, ƙarƙashin fankar nan mai ƙara kamar tsohon keken ɗinki, har na fara tattara jaka, sai nas ɗin da ke bibiyarta ta leƙo. "Mijin Malama? Shigo."

Na tarar da ita zaune, an naɗe mata hannayen riga har kafaɗa, an jera hannayenta biyu a kan tebur. Innalillahi. Na dama kamar ba nata ba. Zoben da ke yatsarta ya nutse, wuyan hannun ya shafe. Nas ta zaro tef, irin nawa sak, rawaya, ta auna wannan ta auna wancan. Ta ce tun da aka cire kaluluwar hammata lokacin aikin, ruwan jiki ba ya samun hanyar wucewa sosai, shi ne yake taruwa. Ba ciwon ne ya dawo ba. Amma da an zo tun yana sabo da abin ya zo da sauƙi, yanzu fatar ta fara tauri. In aka ƙara sakaci, riƙe alli ma zai gagare ta.

Sai ta tambaya, "Yaushe ya fara?"

Malama ta ce, "Kwanan nan ne, Sista."

Nas ta juyo gare ni. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Kwanan nan! Tun watan Nuwamba na buɗa hannun rigar farko. Duk garin nan babu wanda ya fi ni sanin yadda hannun nan yake ƙaruwa, da almakashina na bi shi. 

Ta tambayi sana'ata. Da ta ji, har da murna. "Ah to, an huta! Tela a gida. Kai za ka riƙa auna mata duk mako, da safe. Ka kuma duba mata tabon, ka shafa gefen hammata da baya inda idonta ba ya kaiwa. In ka ji wani ƙullutu, ku zo, kada ku jira ranar da aka ba ku."

Na ce to. Ni da ban san ko tabon a tsaye yake ko a kwance ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na ɓata wa wani bawan Allah wando. Na yi masa faɗa a kai kuma, wai shi ya kawo awon da ba daidai ba. Gobe in ba shi haƙuri.

Asabar, 22 ga Maris

An yanke zoben. An ba ta wata doguwar safa mai matse hannu, daga wuyan hannu har kafaɗa, an koya mata motsa jiki. Sai da Yaya ta zo ta taya ta sakawa. Ina tsakar gida ina wanke babur ɗin da na wanke jiya.

Yau ya kamata in auna. Tana gani na fita da wuri.

Alhamis, 27 ga Maris

Yara sun tafi makaranta, ina shan shayi, sai na ji bakina ya ce, "Me ya sa kika ce wa Sista kwanan nan ne?"

Ta ce, "So kake in ce mata me? Mijina ya sani tun bara?"

Na ce ai na ɗauka ƙiba ce. Ta yi wata 'yar dariya da ban so ba. "Ƙibar hannu ɗaya, Baban yara?"

Sai ta faɗa min. Tun farko ta ga kumburin. Tsoro ne ya kama ta, ta ɗauka abin ne ya dawo, ta kasa furtawa ko ga Yaya. Shi ne ta ce bari ta ba ni rigar. "Na ce tela ne, zai gane. Zai ce zo in ga hannun, sai mu tafi asibiti tare. Ka kuwa gane. Sai ka buɗa min ita."

Kowace riga da ta miƙo min tambaya ce, ni kuma ina mayar mata da ita a goge a ninke. Har ina jin daɗin iya aikina.

Kunya ta rufe ni, na ajiye shayin. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ta ɗauke kofin kawai ta ce zan makara.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na auna. Wuyan hannu da gwiwar hannu kawai, ta saman riga.  Ta ce, "Saura sama." Na ce mako mai zuwa.

Matsoraci.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta gwada rubutu a jikin ƙofar kicin da guntun allin da nake zana yadi. Layi biyu hannun ya gaji. Ta goge da sauri don kada in gani. Na gani.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Da safe, Yaya ta kwashi yara. Wuyan hannu ya ɗan ragu, kaɗan dai, amma ya ragu. Gwiwar hannu tana nan yadda take. Da na zo dantse riga ta hana tef zama, na ce a haka awon ba zai yi daidai ba. Don awon na faɗa.

Ta cire. Ta juya fuskarta bango.

A kwance yake. Dogo, siriri, ya ɗan yi fari, ya tafi har ƙarƙashin hammata. Shi ke nan abin da na yi shekara da rabi ina gudu. Na bi shi da yatsu yadda Sista ta ce, gefe da baya. Babu ƙullutu. Wurin sanyi, ta ce rabinsa ma ba ta jin taɓawa.

Sai na ce wanda ya yi ɗinkin nan ya iya aiki, sai dai ƙarshen ya ɗan tattare, da ni ne da na sake shi. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Kafaɗarta tana girgiza, ban san ko dariya ba ce, ban leƙa ba. Nawa idon ma ba na nunawa ba ne.

Can ta ce, "Ka gama?"

Na ce ban gama ba.

Na gama tun ɗazu.